Dalmar da Na Kwance daga Motar 'Yata

Shekarun baya, lokacin autata tana 'yar shekara goma sha uku, na tafka wata ɓarna da har yau in aka tuno ta a gidanmu sai an yi min dariya. Yanzu ni ma ina taya su. Amma ranar da abin ya faru, wallahi ko murmushi ba wanda ya yi.

Ni direban babbar mota ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗaukar kaya daga manyan sito na Khumra in kai Yanbu, in kai Madina, wani sa'in har Riyad. Duk direban babbar mota a ƙasar nan abokin gabarsa ɗaya ne: mizani, sikelin nan na bakin hanya da ake hawa da mota a auna lodinta. In lodinka ya wuce ƙa'ida a ci ka tara, kafili kuma, wato ubangidan da kake wa aiki, ya kira ka ya wanke ka tas. Don haka ni abin da na sani a duniya shi ne, mai nauyi ake kamawa, mara nauyi ya wuce abinsa. Ku riƙe wannan, don nan ne na faɗi.

Autar tawa sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, "uwata" nake ce mata. A nan Jidda aka haife ta, a unguwar Sa'alaba ta tashi. In ka yi mata Hausa ta ji sarai, amma da Larabci za ta mayar maka da amsa. Ga ta 'yar siririya, in iskar teku ta taso sai ka ji kamar ka riƙe mata hannu.

Akwai wani abokina mutumin Damagaram, bakanike ne a wani filin tseren ƙananan motoci can wajen Abhur. Motocin nan da suke kira kartin: ba rufi, ba ƙofa, kujera a ƙasa kamar ka zauna kan tabarma, inji a gefenka yana ta ihu. Wata Juma'a ya kwashe ta da yayyenta maza biyu su je su ɗana. Yayyen suka yi zagaye bibbiyu suka sauka, wai kansu na juyawa. Ita kuwa sai da aka tare ta da tuta. Abokina ya kira ni a waya ya ce, "Alhaji, yarinyar nan ba ta tsoron kwana. Ka bar min ita." Ya tattara tarkacen da 'ya'yan masu hali suka watsar, ya haɗa mata mota. Mahaifiyarta ta yi faɗa na sati guda, daga baya kuma ita ce ta ɗinka mata 'yar hular da take sawa a ƙarƙashin hular kwano.

Shekarar da ta fara shiga gasar yara, ni duk a hanya na yi ta. Ranar tsere sai in faka a gefen titi in kira: "Uwata, ta nawa?" Ta ce, "Rabi'a, Baba." Ta huɗu. Wani satin ta biyar, sannan ta huɗu kuma. Kullum ta huɗu! Ga shi an ce a tseren ƙarshe, ukun farko za a ɗauka zuwa wata ƙungiyar matasa da ke horar da su kan manyan motocin tsere. Abin da take mafarki ke nan, har hoton motocin ta manna a jikin firij. Na roƙi kafili hutun kwana ɗaya, na ce wannan kam da idona zan gani.

Ranar tseren da safe muna tafiya tana ta zuba min bayanin dokokin tseren da Larabcin nan nata mai gudu. Ni kuwa ina ta "ɗayyib, ɗayyib," a raina ina cewa, ni za a koya wa mota? Ni da na fara riƙe sitiyari tun ba a haifi mai koya musu ba? Da na saurara, da ban zo yau ina ba ku wannan labari ba.

Aka yi tseren share fage kafin azahar, ta zo ta huɗu. Na ga lokacin da ta cire hular kwano ta cije leɓe. Da muka idar da salla abokina ya ce zai kai ta ta ci wani abu, ya nuna min kujera a rumfarsu: "Alhaji, zauna ka tsare mana motar. Don Allah kada ka taɓa komai."

To, ka ce wa tsohon direba kada ya taɓa mota? Na zauna minti biyu, na tashi. Na zagaya ta, na danna taya, na ɗan ɗaga bayanta, sai na ji nauyin da bai kamace ta ba. Na leƙa bayan kujera, me zan gani? Dunƙulen dalma guda biyu, an ɗaure su tamau da noti. Na ce, "Inna lillahi! Ashe lodi yarinyar nan take ja duk shekara!" Nan take na yanke hukunci cewa abokina ya sa su ne lokacin gyara ya manta. Na ɗauki sifana na kwance su, na tura su ƙasan kular da mahaifiyarta ta cika mana da zoɓo da ƙanƙara. Na koma na harɗe ƙafa ina jin kaina. Na ce sai an gama zan gaya musu, su san akwai manya a wurin.

Aka jera su, aka saki tuta. Jama'a, ban san haka abin yake ba. Ƙara kamar an saki injinan niƙa ashirin lokaci guda. Ta tashi a ta huɗu, zagaye uku tana manne da bayan wani yaro. A kwanar da ke ɓangaren teku ya taka birki, ita ta jinkirta nata, ta kutsa ta ciki ta fita gabansa. Na miƙe tsaye. Can kusa da ƙarshe ta sake yi wa wani haka a wannan kwanar dai. Ta biyu! Ban san sanda na fara ihu da Hausa ba, "Taka, uwata, taka!" Hulata ta faɗi, Larabawan da ke kusa da ni suna ta kallona, ko a jikina. A ta biyu ta gama. Ta fito da gudu ta rungume ni, tana cewa motar yau kamar za ta tashi sama. Na yi murmushin wanda ya san sirri.

Sai na ga ana tura motocin ɗaya bayan ɗaya kan wani faffaɗan ƙarfe, kowane yaro ya hau ya tsaya kusa da tasa. Na ce a'a, mizani har nan? Na ƙara faɗaɗa murmushi, don nan kam na san mun tsira. Aka ɗora tata, ta hau. Alƙalin tseren ya dubi allo, ya ce a sauke a sake ɗorawa. Ya sake dubawa, ya ce, "Naƙis. Talata kilo." Wato ta gaza da kilo uku.

Ni kuwa da ƙarfi na ce, "Alhamdu lillahi!"

Abokina ya juyo ya dube ni. Har in mutu ba zan manta wannan kallo ba.

A nan aka fahimtar da ni abin da yarinyar ta yi ta gaya min a mota. A tseren nan akwai nauyin da dole mota da direbanta su kai, don kada siriri ya ci ƙato da rashin jiki kawai. Wanda bai kai ba, sai a cika masa da dalma. Wanda aka auna bayan tsere ya gaza, an soke shi, shi ke nan. Shekara ashirin ina tsoron sikelin da ke kama mai nauyi, ban taɓa jin akwai wanda ke kama mara nauyi ba.

Alƙalin ya juya kan abokina. Ya ce shi ne bakanike, shi ya san doka, wannan maguɗi ne, zai rubuta a hana shi aiki a filin. Bawan Allahn nan ya riga ya gane ni ne, amma ya sunkuyar da kai ya yi shiru, don kada ya kunyata ni a gaban 'yata. Ita kuma tana tsaye kan sikeli da hular kwano a hannu, tana ta cewa da safe an auna ta kuma ta cika. Na nufi rumfa, na tura hannu cikin kula, na dawo da dalma biyu suna ɗigar da ruwan ƙanƙara. Na ajiye su gaban alƙali, na ce da Larabcina na direbobi, "Ni ne. Ni na kwance. Mutumin nan cewa ya yi kada in taɓa."

Ya tambaye ni dalili, na gaya masa gaskiya, har da zancen mizanin hanya. Na ga yana danne dariya, amma ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "na yarda ba da mugunta ka yi ba. Sai dai doka doka ce." Aka ƙyale abokina, aka soke sunanta. Yaron nan da ta fara wucewa a kwanar teku, shi ya koma na uku, shi aka ɗauka.

Daga Abhur zuwa Sa'alaba sai ka ratsa Jidda kaf, ga cunkoson la'asar. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan ba sai ranar. Tana gefena ta juya fuska wajen taga, ba kuka, ba magana. Na gwammace ta yi kukan. Mun wuce filin jirgi da nisa sannan ta buɗe baki, kuma da Hausa tsantsa, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya-ɗaya:

"Baba, kai ma ka ɗauka ba zan iya ba?"

Na ce, "A'a, uwata, wallahi ba haka ba ne."

"To me ya sa ka taimake ni?"

Na ce, "Na ga fuskarki da kika zo ta huɗu, na kasa jurewa."

Ta ce, "Yanzu ko ni ban sani ba. Ni na wuce su, ko dalma ce?"

Nan na gane abin da na ɗauke mata. Gurbin ƙungiya ana iya nema baɗi. Amma ranar da ta fi kowace rana iya tuƙi, na sa ta kasa sanin ko ita ce ta yi. Na faka a gefen titi na ce, "Ki yafe min, uwata." Ban taɓa roƙon ɗana gafara ba sai ranar. Ta ce, "Yalla, Baba, mu je gida, Mama na jira." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban matsa ba.

Abin da mahaifiyarta ta gaya min a gida ba zan maimaita shi a nan ba. Iyaka dai daga ranar ta ɗaura yaƙi da kilo ukun nan: tuwo da safe, fura da rana, wai sai ta cika wa 'yarta nauyi yadda ba mai sake kwance mata shi da sifana.

Shekara guda cur yarinyar ta sake yi a ajin da take. Ni kuma na daina zuwa filin, kunya ta hana ni. Da tseren ƙarshe ya zagayo, ita da kanta ta ce sai na je. Na je na rakuɓe can bayan rumfa, hannuna a aljihu don kada su yi min halinsu. Ana saura kaɗan a fita sai ta zo ta miƙo min sifana da dalma, ta ce, "Baba, kai za ka ɗaura." Abokina na tsaye yana kallon sama kamar ba ruwansa. Na durƙusa, na ɗaure notin nan har sai da ya ce, "Alhaji, ya isa, za ka fasa kujerar."

Ta uku ta zo, da dalmarta da komai, kuma a kwanar teku ta ƙwace gurbin. Da ta hau sikeli na tsaya ina kallon allon nan, ban taɓa jin tsoron mizani kamar na ranar ba. Alƙalin ya duba, ya ɗago ya neme ni cikin mutane, ya ce, "Mazbuɗ, ya ammi!" Ta cika, har da 'yar rara. Mahaifiyarta har gobe tana cewa rarar nan tuwonta ce.

Yanzu ta girma, manyan motocin tsere take ja, ni kuma na koyi zama a inda aka ajiye ni. Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, ba duk nauyin da ka gani a kan ɗanka ba ne naka na saukewa. Wani da shi za a auna shi, kuma in ka sauke masa, ko ya ci ba zai san shi ya ci ba. Har yanzu in na ga tana fama da wani abu hannuna na ƙaiƙayi, sai in mayar da shi aljihu.

Dalmar kuwa, da ta bar ƙananan motoci ta kawo min su a leda ta ce in ajiye. Suna nan ƙarƙashin kujerata a babbar mota. Duk mizanin da na hau a hanyar Yanbu, da kilo ukun nan ake auna ni, kuma ko za a ci ni tara a kansu ba zan sauke su ba.