Akwatin da Bai San Hanyar Masallaci Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da na kafa loga, na'urar adana bayanan ruwan sama, a unguwar Nima ba, a farkon shekarun 1990, ana gab da damina. Lokacin ni ne babban jami'in kayan awo a wani shirin nazarin ambaliya. Na yi irin aikin a Yamai da Kano, amma can duk a filin jirgi ne ko gonar gwaji. A Nima kuwa ma'aunin ruwan saman yana bayan wata makaranta, a tsakiyar jama'a, dab da babbar kwata.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, sabon ma'aunin yana da ɗan cokali mai baki biyu. Idan ruwa ya cika gefe ɗaya sai ya kife, ya aika saƙo ta waya. Loga ita ce akwatin da ke karɓar saƙon. Nawa shi ne in rubuta mata umarni: ta ƙirga kifewar, ta haɗa da lokaci, ta adana. Ƙarshen wata a zo da kwamfuta a kwashe.

Mai kula da tsohon ma'aunin, na gwangwani da kwalba, shi ne Baba Sedu, Badagombe daga arewacin ƙasar. An riga an sallame shi, amma ya zo ya tsaya ina ɗaura wayoyi.

"Masta," ya ce da Hausarsa ta Zongo, "wannan akwati ya san masallaci?"

Na yi dariya, na ce duk yawona ban ga loga mai salla ba.

"Ba salla ba. In ruwa ya wuce jan layi na kwalba, ni ke tafi gun ladan. Shi ya faɗa a lasifika, mutanen bakin kwata su ɗaga kaya. Yanzu wa zai tafi?"

Ba a taɓa sa shi wannan ba. Shi ya ɗora wa kansa, unguwa kuma ta saba.

Logar tana iya kunna ƙararrawa, kuma a ranar na ƙara mata umarnin. Saura ƙararrawar kanta da izinin jan waya zuwa masallaci. Na kai maganar wurin shugaban shirin. Ya saurara sarai, sannan ya ce, "Alhaji, nazari aka ba mu, ba gargaɗi ba. In ta yi ƙara ruwa bai zo ba, wa zai amsa? Bari sai baɗi."

Baba Sedu ya koma arewa wurin 'ya'yansa. Ruwan ya sauka wata rana da la'asar, kwata ta cika ta shiga gidaje. Allah ya tsare rai, amma kaya sun tafi. Washegari na tarar da Hajiya Memuna, mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, tana tsintar abin da ya saura daga buhunanta a cikin laka. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, mun ga ruwa yana yi. Amma ladan bai ce komai ba, sai muka ce bai kai ba."

Da na kwashe bayanan, babu giɓi ko ɗaya; a ofis har yabo aka yi. A cikinsu ga wurin da umarnina na kunna ƙararrawa ya tashi a kan kari, ya aika saƙo cikin wayar da ba a haɗa da komai ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: kafin ku sa na'ura a gurbin mutum, ku zauna da shi, ku tambaye shi ina yake zuwa bayan ya gama awo. Mutanen bakin kwata ba su taɓa ganin kwalbar Baba Sedu ba. Lasifikar kawai suke jira.