Sifikokin Yaya

Duk baƙon da ya shiga falon Yaya, kafin ya zauna sai ya yaba wa mijinta. Akwatunan sifika biyu ne a tsaye, kowanne ya kai ƙugun mutum, ɗaya a gindin taga, ɗaya kusa da ƙofar ɗaki. A tsakaninsu akwai kanta mai ɗauke da amfilifaya da na'urar kaset da ta faifai. Sai ka ji baƙo yana cewa lallai maigida ya san kaya. Shi kuwa maigidan, wanda muke kira Mai Mita saboda aikinsa bin gida-gida ne yana karanta mitar ruwa, sai ya yi murmushi ya nuna matarsa da haɓa. Baƙo ya kwashe da dariya, a zatonsa barkwanci ne. Ni har yau abin haushi yake ba ni, amma Yaya ko a jikinta.

Ni ce ƙanwarta, autar gidanmu, kuma ban san komai a wannan harka ba. In rediyo ya yi magana na ji abin da ya ce, buƙata ta biya. Yaya ba haka take ba tun tana 'yar firamare. Baba ya taɓa sayo wa yayyenmu maza sukundireba da filaya don su koyi aikin hannu, suka yi kwana biyu suna ɗoki, suka watsar suka koma ƙwallo. Yaya ce ta tsince su a bayan randa. Ba a jima ba ta kwance bayan rediyon Baba mai rigar fata, wanda mu ko kallonsa ba ma yi da ƙarfi. Inna ta ɗora hannu a ka tana jiran tashin hankali. Da Baba ya dawo ya kunna, sai ya ji shuuu ɗin da ya addabe shi ya ɓace. Ya tambayi wanda ya taɓa, aka nuna ta, ya dube ta ya ce to sannu Injiniya. Sunan ya bi ta, amma da lokacin zaɓen sana'a ya zo, babu wanda ya kawo maganar gyaran rediyo, har ita kanta. Makarantar ungozoma ta tafi.

Kada a ce an tauye ta, domin tana son aikinta ƙwarai. Takan ce duk aikin kunne ne. A asibitin da take akwai na'urar jin bugun zuciyar jariri, amma rabin lokaci ba batir, don haka da ɗan ƙahonta na katako take aiki. Ta kafa bakinsa a cikin mai juna biyu, ta manna kunne, ta lumshe ido. Matan unguwa suna son layinta saboda ba ta gaggawa, kuma in ta ɗago ta ce lafiya lau yake, sai mace ta tafi gida da kwanciyar hankali.

Kayan sautin a hankali ta tara su. Amfilifayar ta hannu ce, ta saye ta a mace ta tayar da ita da ƙarfen narka dalma a kan teburin cin abinci. Akwatunan sifikar kafinta ne ya haɗa mata, tana tsaye a kansa, har sai da ya ce shi bai taɓa ganin mai gardama a kan kaurin katako kamarta ba. In za ta layin masu kayan lantarki, Mai Mita ne ke kai ta a babur. Na raka su sau ɗaya, na rantse ba zan sake ba. Ita za ta yi tambaya, mai shago ya juya ya ba mijinta amsa. Shi kuma ya gyaɗa kai kamar ya gane, sannan ya waiwayo ya ce mata kin ji abin da ya ce. Na buɗe baki zan yi wa mutumin tatas, ta taka mini ƙafa.

A ƙarshen layin akwai rumfar wani mai gyara inda maza ke taruwa ranar Asabar. Kowa ya zo da abin da ya samo, a kunna, a saurara, a yi ta musu a kan wane sifika ya fi wane. Na lura in mun zo daidai nan tafiyar Yaya takan ragu, kunnenta na can. Wani lokaci har ta yi ɗan tsaki ta ce a hankali, wancan mai hular bai san abin da yake faɗa ba. Amma ba ta taɓa tsayawa ba, su ma ba su taɓa matsa mata a benci ba. A wajen mata kuwa tsiya take sha. Abokan aikinta sukan ce kowa in ya ɗauki albashi kantin atamfa yake nufa, ita sai kantin waya. Ni ma nakan tambaye ta ko sifika za ta ɗaura ranar suna. Dariya kawai take yi. Saboda haka duk faɗin garin nan ba ta da mutum ɗaya da za ta ce wa zo ka ji wannan.

Hakan bai hana ta jin daɗinta ba. In ta sauko daga aiki ta yi wanka, sai ta haɗa shayi, ta jawo kujerarta daidai tsakiyar sifikokin, inda ƙafafun kujerar suka riga suka yi gurbi a leda. Ta zaɓi kaset ko faifai, ta goge shi da gefen mayafi, ta kunna. Ba ta ƙure murya. Amma in ganga ta shigo, a ƙirji kake jin ta, mai waƙar kuma sai ka rantse yana tsaye a gaban kanta. Doka ɗaya ce a gidan, ba mai taɓa kayan nan. Yara sun haddace ta tun suna rarrafe. Mai Mita ma bai taɓa ƙetare ta ba, don shi a faɗarsa da kayan matarsa da rediyon mai aski duk ɗaya ne a kunnensa.

Wata Asabar da rana na je gidan na tarar da falo tsit. An lulluɓe kanta da tsohon zane, sifikokin ma kowanne da nasa. Yaya na zaune a wata kujera daban tana tsintar shinkafa a tire. Ta rame, kuma gaisuwarta ba armashi. Na tambayi Mai Mita a tsakar gida ko faɗa suka yi. Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, an kwana biyu ba ta kunna komai ba, in ya tambaya sai ta ce gajiya ce. Ya ɗauki babur ya fita sayo gas, ni kuma na koma ciki na tsare ta. Ni ba a yi mini gum, ta sani.

Da ƙyar ta faɗa. Ta ce wata rana ta dawo daga aiki ta sa kaset ɗin da ta fi so, sai ta ji gangar ta tafi. Ana buga ta, amma ba nauyi, kamar ana dukan kwali. Muryar mai waƙar kuma ta bar tsakiya ta watse, ba a san inda take fitowa ba. Ta canza kaset, haka. Ta goge kan na'urar ta sa faifai, haka. Sai ta kashe.

Ban buƙaci ƙarin bayani ba, domin na san inda hankalinta ya tafi. Baba yana kusan shekarunta na yanzu ya fara cewa muryar rediyonsa ta sirance. Ya zargi batir, ya zargi masu tashar, ya sa Yaya ta buɗe ta duba ba ta ga komai ba. A ƙarshen rayuwarsa sai mun yi ihu yake jin mu, daga baya ihun ma ya daina isa. Yaya ce ta yi jinyarsa, ita ta riƙa ganinsa yana rungume da rediyon a kunne yana murɗawa.

“Ba waƙar ce ta dame ni ba, Auta,” in ji ta. “Jiya na kafa ƙaho a cikin wata yarinya, na ji bugun, amma na kasa yarda da kaina. Sai da na kira wata ta sake saurara. In kunnen nan ya tafi, me zan ce wa matan nan?”

Ta ce ta karɓi katin ganin likitan kunne, yana cikin jakarta, kullum sai ta ce gobe. Tausayinta ya kama ni sosai, kuma ni in tausayi ya kama ni faɗa nake yi. Na ce ai sai ta tashi ta kunna na ji da kunnena, ba ta zauna tana binne kanta da rai ba. Ta ce me na sani a ciki. Na ce ban san komai ba, amma ai ba kurma ba ce ni. Na fizge zanen da kaina, ta tashi ba don ta so ba ta danna maɓallin kunnawa. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ni na zauna a kujerarta, abin da ban taɓa yi ba.

Waƙar ta fara. Na jira gangar nan mai taɓa ƙirji, ban ji ta ba.

“Yaya, wai me ya sami kayan naki?” na ce. “Sai ka ce rediyon mai aski.”

Ta dube ni kamar ba ta gane Hausar ba. Ta ce in maimaita. Na maimaita, na ƙara da cewa da can har kofin shayi yakan yi rawa a kan tebur, yanzu ko motsi. Ta zo ta murɗa wani maɓalli sautin ya koma sifikar dama kaɗai, sai ga nauyin ya ɗan dawo. Ta mai da shi hagu, nan ma haka. Ta haɗa biyun, ya sake zama fanko. Sai na ga ta durƙusa ta rungumi akwatin gindin taga ta jawo shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta leƙa bayansa.

Wayoyi biyu ne ke shiga kowace sifika, ja da baƙa, kowacce da raminta. A wannan akwatin an sa ja a ramin baƙa, baƙa a ramin ja. Daga baya ta yi mini bayani cewa in aka yi haka, sifika ɗaya na turo iska ɗaya na janyewa, sai su cinye kaurin juna. Ta ce abu ne da ta sani tun tana budurwa, da a gidan wani ne da tuni ta gano. Amma ita ta ɗaura wayoyin da hannunta, ta san ba mai taɓawa, ga kuma Baba a ranta. A lokacin dai ba ta yi bayanin komai ba. Zama ta yi daɓas a ƙasa, wayar a hannu, tana dariya hawaye na zuba.

A haka Mai Mita ya shigo ya same mu. Yana ganin akwatin a jaye ya yi tsuru-tsuru. Ba a tambaye shi ba ya fara ba da labari. Wai ranar da aka yi ruwa mai iska tana wajen aiki, feshi ya shigo ta taga, ya ja akwatin don kada ya jiƙe, wayoyin suka fita. Ya mayar da su, ya goge ledar, ya kunna ya ji yana magana, sai ya ga ba amfanin tayar mata da hankali. Na ce masa ai kuwa ya kwantar mata da shi, har ta kusa ajiye aiki. Da ya ji dalilin shirun nata, sai ya nemi hannun kujera ya zauna.

Yaya ta mayar da ja a ja, baƙa a baƙa, ta tura akwatin mazauninsa. Ta tashe ni daga kujerarta ba ko sannu, ta zauna, ta danna. Gangar ta shigo ta cika falon, na ji ta har a haƙarƙarina. Ta lumshe ido ta jima a haka, kafaɗunta suka sauka. Sannan ta buɗe ido ta dubi mijinta, ba fushi a muryarta.

“Malam, tsakaninka da Allah, da ka kunna ranar nan ba ka ji ya canza ba?”

Ya sosa ƙeya. “Ni fa ban taɓa sanin mai daɗi da marar daɗi ba,” ya ce. “Duk shekarun nan fuskarki nake kallo, in na ga kin lumshe ido na san ya yi. Ranar kuwa ba kya nan.”

Yaya ta tashi tsaye. Sai ta miƙa hannu ta jawo ɗayar kujerar, ta matsar da tata gefe har ta bar gurbinta na leda, ta ce masa ya zo ya zauna a tsakiya.