Matar da ta yi shekaru tana tuƙa dutse

Ko yau aka tashe ni daga barci zan ba da labarin ranar ƙarshe ta malamarmu ta kimiyya a Argungu, don har in mutu ba zan manta da ita ba. Ina aji shida aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Manya suna ta murna, mu kuwa sai muka ji za a mayar da Malama Sakkwato, don 'yar can ce.

Ga shi ta fara ba mu labarin wata Baturiya da ta lura wani baƙin dutse yana fitar da ƙarfi da kansa, ta rantse sai ta ciro abin da ke ciki. Malama kuwa akwai jan rai, kullum sai labari ya yi daɗi ta ce sai gobe. Tsoronmu kada ta tafi da ƙarshensa.

Ranar sallama ba ta ko taɓa allo ba. Ta kwashe mu zuwa wani gida bayan makaranta inda ake suna, mata na tuƙa tuwon shinkafa a ƙatuwar tukunya. Ta roƙi uwar gidan, aka miƙa mana muciya. Ni mai ji da ƙarfi, juyi kaɗan na yi hannuna ya mutu, hayaƙi ya cika min ido, matan suna ta yi min dariya.

"Hakanga Baturiyar nan ta yi shekaru tana tuƙa dakakken dutse," in ji Malama.

Na ce, "Malama, ta samu?"

"Ta samu, ɗiyata. Ɗan mitsitsi kamar gishirin miya, yana haske shi kaɗai cikin duhu. Amma shi ya ci jikinta a hankali har ta rasu."

Raina ya ɓaci. "To mi ya kai ta?"

Ta gyara min ɗankwali. "Da shi aka fara ƙone ciwon daji. Waɗanda suka warke ba ta san ko ɗayansu ba."

Washegari mota ta ɗauke ta, ban sake ganinta ba. Yau ni ke koyar da darasin nan a Birnin Kebbi, kuma duk na zo kan labarin tukunyar sai kewar Malama ta kama ni. Na yi cigiyarta har na gaji. Daga ranar na gane cewa mai yi maka wahalar ilimi ba lallai ya ga abin da ka zama ba. Amma wallahi na so ta gani.