Ankon da Za a Kai Ƙauye

A Sabon Tasha, gefen motar Kafanchan, wata doguwar mata tana tsaye rungume da ƙullin atamfa. Ɗankwalinta ya karkace, ba ta damu ta gyara ba. Tana miƙa wa direba ƙullin, kafin ya riƙe sai ta janye.

"Maman Shekari, mota ta cika fa," in ji direban. "Za ki aika ko mu tafi?"

"Ankon addu'ar shekara ne ta Shekari," ta ce. "Na wan babansa ne. Mutumin da ya ce yaron da ya kashe kansa ba za a binne shi a gida ba."

Fasinjojin da ke ta tsaki suka yi tsit. Na daɗe ba na ƙasar, amma na san wanda ba a aika wa anko ba, an cire shi daga dangi ke nan. Abin da ke ci mini rai, ita aka ɓata wa, ita ce kuma ke tsaye a rana da kayan sulhu.

Ta cusa ƙullin ƙarƙashin kujera da ƙarfi.

"Ka gaya masa ban huce ba. Amma ya ɗinka, ya zo."