Garma a Tsakiyar Kasuwarmu

Jama'a, yau an nome kasuwarmu ina zaune a cikinta!

Tun kafin a canza fam zuwa naira nake kasa daddawa a gindin tsamiyar nan, duk ranar Talata. Yau na iso da farantina, sai ga Sale, ɗan marigayi Ado mahauci, da shanun huɗa. Har ya kayar da rumfa uku!

Na ce, "Kai Sale, kasuwar kake nomewa?"

Ya ce, "Iya, wace kasuwa? Tumatir da rake duk a bakin gona motocin Zariya ke kwashewa. An ba ni aron filin, masara zan sa."

Na ce, "To, ka haɗa da ni."

Na shimfiɗa buhuna na zauna. Wallahi bai fasa ba! Ya ja kunya ta gabana, ya ja ta bayana, shanu na huci a ƙeyata. Har La'asar ba wanda ya taya ko curi ɗaya.

Wa zan kai wa kuka? Mu tara muka fara zama a wurin nan. Saura ni da Hanne mai man gyaɗa, ita kuwa ta makance. Na wuce ta ƙofar gidanta, na kasa gaya mata.