Jan Babur da Burtalin Getso zuwa Gude

Malam Jibirin Muhammad Nur Getso ya zo duniya ranar 9 ga watan Maris, 1955, a gidan da kakanninsa suka rungumi fartanya ba tare da sun rabu da shanu ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin malamin dabbobi a ƙasar Gwarzo da ta Kabo, kuma fiye da ashirin daga cikinsu a kan wani jan babur ɗan Japan ya yi su. Mutum ne marar yawan magana, mai yawan rubutu. Duk inda ya bi sai ya tsaya ya duba lambobin da ke ƙirga nisan tafiya a agogon babur ɗin, ya rubuta a littafinsa. Da ranin 1989 ya bi burtalin da ya tashi daga ƙasar Getso ya faɗa ta Gude, ya rubuta nisan kowace kwana da kowace mashaya, har da faɗin hanyar, taku kaza. Ba wanda ya sa shi.

Da ya yi ritaya, gwiwa ta fara damunsa, sai aka jingine babur ɗin a ɗakin da ake ajiye harawa. Nan ya shekara goma sha uku.

Da kakar 2022 aka yi rikici a kan burtalin. Gonaki sun ci shi ta ko'ina, har akwai inda shanu biyu ba sa jerawa, kuma an sare yawancin itatuwan da aka san iyaka da su. Shanu suka faɗa wake, aka fasa wa wani kai. Dagatai da arɗo suka zauna, aka yarda a kafa turakun siminti kafin damina, amma kowa da inda yake cewa tsohuwar hanyar ta bi. Littafin Malam Jibirin kaɗai ɓangarorin biyu suka amince da shi, domin manoma na ganinsa nasu ne, makiyaya kuma Bappa suke kiransa. In ba a kafa turakun ba, kowa ya san abin da kaka mai zuwa za ta kawo.

Aka ce a ari babur a bi lambobin littafin. Malam Jibirin ya ƙi. Ya ce kowane agogo da irin ƙirgarsa, wanda ya auna da farko shi zai sake aunawa.

Ranar da aka turo babur ɗin zuwa rumfar Zailani bakanike a Gwarzo, sai da masu shayi suka taso kallo. Tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun cinye soson kujera, zanzaro ya yi gini a cikin salansa. Zailani, wanda ya haura arba'in a duniya kuma ba ya rasa abin faɗa, ya zagaya shi sau biyu, sannan ya tambaya ko gyara aka zo ko jana'iza. Duk da haka, cikin kwana huɗu ya wanke tanki da kananzir, ya share kafireto, ya sa sabon fulogi da batir, injin ya yi tari ya tashi. Zailani ya goge hannu ya ce aiki ya ƙare.

Malam Jibirin ya nuna agogon. Allurar gudu a kwance take, lambobin nisa ba sa motsi, allurar mai kuwa ta kafe a kan cikakken tanki.

"Bappa, wa yake duba agogo a ƙasar nan?" in ji Zailani. "In kana son sanin mai, ka girgiza tanki ka kasa kunne. Mu tsinke wayar ma muke yi, kada ta dame mu."

"Ni agogon na kawo maka," in ji Malam Jibirin. "Babur ɗin rakiya ya yi."

Ya sa aka ajiye masa benci, ya zauna, suka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe tanki, aka tarar ɗan abin da ke yawo a saman fetur yana motsa allura ya manne da daskararren tsohon mai. Aka jiƙa shi, ya saki. Wayar da ta tashi daga wilin gaba zuwa agogo ta yi tsatsa ta katse, sai da aka aika Kano aka samo irinta. Zailani ya so a sa sabon agogo a huta, Malam Jibirin ya ce ko kusa. Shi da kansa ya buɗe tsohon a kan farin ƙyalle, ya share haƙoransa da gashin kaza, ya ɗiga musu man keken ɗinki. Lambobin suka fara juyawa.

Bai yarda da su ba sai da ya gwada. A littafinsa, daga ƙofar gidansa zuwa wata tsohuwar kuka da ke nan har yanzu, kilomita huɗu ne cif. Agogon ya ba shi uku da ɗigo takwas. Ya koma, ya sake dawowa, haka dai. A tsawon burtalin, wannan giɓi ya isa ya kai turke tsakiyar gonar wanda bai ci ko taku ɗaya ba. Mako biyu yana buɗe agogon yana rufewa, abinci ma sai an yi da gaske yake ci, ga lokaci na tafiya.

Matarsa, Halimatu Sa'adiya, ita ta warware matsalar, bayan ta daɗe tana juya maganar a ranta. Ta ce shekarar da ya tafi aikin hajji, bayan ya riga ya auna burtalin, ƙanensa marigayi ya ari babur ɗin ya faɗa rami, wilin gaba ya lanƙwashe. Ya sayo wani ya sa, ya roƙe ta ta rufa masa asiri, ta kuwa rufa.

"Ina tsohon?" ya tambaya.

"Malam, da shi ake jawo maka ruwan alwala kullum."

Ya fita tsakar gida. Ga wilin nan rataye a bakin rijiya, igiyar guga na bi ta kansa. Ya auna shi da zare, ya auna na jikin babur, sai ga sabon ya ɗara tsohon girma. Ya yi wa ƙanensa addu'a, ya yi dariyar da aka jima ba a ji ya yi ba. Zailani ya samo wili daidai da tsohon a wajen masu gwangwan. Da aka sake gwaji, agogon ya cika huɗu a gindin kukar.

A watan Fabrairun 2023 aka fara aiki. Malam Jibirin ke gaba a kan babur a hankali, ƙafafunsa na jan ƙasa, wakilan dagatai da na arɗo na biye da amalanken turaku. Inda ya tsaya, nan ake haƙa. Wani manomi ya taɓa cewa turke ya shiga masa gona, Malam Jibirin ya koma baya kilomita guda ya sake aunawa a gabansa. Inda awo ya nuna makiyaya ne suka karkata hanya, haka ya faɗa, ko da yake danginsa ne. Kilomita goma sha ɗaya aka kafe kafin ruwan farko ya sauka, mutane suka koma shuka. A wannan yanki ba a ji rikici ba da kakar.

Malam Jibirin ya ce da zarar an kwashe amfanin gona za a ƙarasa. Rashin lafiya ta kwantar da shi a watan Satumba, Allah ya yi masa rasuwa ranar 21 ga Oktoba, 2023. Allah ya jiƙansa da rahama. Kilomita shida suka rage, daga mashaya ta biyu zuwa bakin gonakin Gude, kuma turakunsu na nan jibge a ƙofar gidan dagaci, ba a kafa ko ɗaya ba.