Shekara Biyun da Na Ƙara wa Idirisa

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai rana ɗaya da ta ƙi fita daga raina. Ita ce ranar Talatar da Darakta ya ajiye takardun yara uku a kan teburina a makarantar Sokode, ya ce in duba in gaya masa wanda zai iya tsallake jarrabawar Lome. Ku da kuke koyarwa yanzu ba ku riski zamanin ba, don haka bari in fara da yadda abin yake.

A zamanin Faransa, kafin babban yaƙi, yaro yakan fara karatu a ƙaramar makarantar garinsu. In ya nuna ƙoƙari sai a kawo shi Sokode ya ƙarasa, ya karɓi satifiket. A nan yawancin yara ke tsayawa. Wanda ke son wucewa sai ya zauna wata jarrabawa da muke kira konkur, ta shiga babbar makarantar Lome, wadda daga ita ake zaɓar waɗanda za a tura Senegal su zama likitoci ko manyan malamai. Kujerun kaɗan ne, kuma 'yan bakin teku sun riga mu fara boko da daɗewa. Mu a arewa shekaru kan wuce ba mu ci ko kujera ɗaya ba.

Ni a lokacin monita ne, wato mataimakin malami. A samana akwai cikakken malami, a samansa Darakta, wani Bafaranshe mai yawan gumi da ƙarancin magana. Ya ba ni aikin auna yaran ne saboda na taɓa zama konkur ɗin na faɗi, ya ce wanda ya faɗi ya fi kowa sanin inda ramin yake. Ban san ko yabo ne ko zagi ba, na dai karɓa.

Yadda nake aunawa ba wani sihiri ba ne. Nakan ɗauko tsofaffin tambayoyin shekarun baya, in ajiye agogo a gaban yaro, in ba shi shifta da lissafi da insha'i, sau uku a mako uku. Daga nan in raba takardun kashi uku: wanda zai ci, wanda sai an yi sa'a, da wanda bai kamata a wahalar da shi ba. Kashi na farko tun da na fara aikin babu wanda ya taɓa shiga.

A wannan shekarar Idirisa ya shiga. Ɗan Baba Tanko ne, mahauci a zangon Dapango, dogon yaro mai sanyin murya. Shifta uku ya yi mini babu kuskure ko ɗaya, har sai da na zargi kaina ko na karanta masa a hankali fiye da kima. Lissafin da ya kayar da ni a nawa lokacin, ya gama shi ya zauna yana jiran agogo. Na rubuta a kan takardarsa cewa zai ci, kuma zai fito cikin na gaba.

Sai na juya takardar haihuwarsa. Dokar konkur ta ce kada yaro ya wuce shekara goma sha shida. Takardar Idirisa ta ce yana da goma sha takwas. A ƙasanta an rubuta cewa kotu ta ɗauko shekarun ne daga rajistar makarantar Dapango, kuma na san wanda ya cika wannan rajista.

Shekara bakwai kafin nan, Dapango ce wurin aikina na farko. Ina saurayi, ga farin wando, ga girman kai. Lokacin babu mai takardar haihuwa, don haka mu ke yanka wa yara shekaru da ido. Mukan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen, mu leƙa haƙoransa, mu dubi tsayinsa, sai mu rubuta. Ranar ɗaukar yara Baba Tanko ya zo da Idirisa, limamin zango kuma ya zo da ɗansa Musa. Musa gajere ne, na rubuta masa tara. Idirisa ya fi shi da kai guda, na rubuta masa goma sha ɗaya.

A can “Mushe” ake ce wa malamin boko, wato “Malam” da Faransanci. Baba Tanko ya ce, “Mushe, su biyun nan fa rana guda aka yi musu suna. Ni na yanka ragunan.”

Na ce, “Baba, mu da ido muke aiki, ba da rago ba.”

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ni kuma na ji daɗin kaina. Ban sake tuna maganar ba sai ranar da na juya takardar nan.

Na kai wa Darakta takardar na gaya masa gaskiya. Ya share gumi ya bayyana mini hanyar gyara. Kotun kumandan, wato Baturen mulki da ke Mango, ita ce kaɗai za ta iya canza shekarun, kuma ba za ta canza ba sai wanda ya cika rajista ya rubuta da hannunsa cewa shi ya yi kuskure, sannan shaidu biyu su rantse. Wannan wasiƙar kuwa za a sa kwafinta a cikin takardun aikina. A shekarar nan nake jiran a ɗaga ni zuwa cikakken malami, bayan na nema sau biyu an ce in ƙara haƙuri.

Ya ce, “Ba zan tilasta maka ba. Amma ka sani, ƙarshen wata ake rufe karɓar takardu a Lome. Kuma in shekarunsa na gaskiya sha shida ne, to baɗi ya wuce iyaka, ko an gyara ko ba a gyara ba.”

Ga inda nake jin kunyar faɗa, amma dominsa na tara ku. Kwana tara na yi ban rubuta wasiƙar ba. Kullum da dalilina. Yau in ce bari in sami kalmomin da suka dace, gobe in ce bari in tambayi wani ko akwai wata hanya. Ina shiga aji in ga Idirisa a bencin baya, saboda tsayinsa, yana ta bitar taswirar kogunan Faransa, sai in kau da kai. Tsoro ne kawai, babu wani suna da zan ba shi. A rana ta goma na rubuta, layi shida ne duka, na hau motar kaya zuwa arewa.

A Dapango na sami Baba Tanko a rumfarsa yana fiɗa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, bai tuna mini da maganar rago ba, kuma da ya tuna mini da na fi samun sauƙi. Ya wanke hannu ya aika a kira liman.

Ya ce, “Mushe, kai ka san aikinka. In ka ce yaron zai iya, to mu tafi yanzu.”

Na ce, “Zai iya, Baba.”

Washegari mu uku muka isa Mango. Magatakardan kotu ya karɓi wasiƙata ya karanta, ya ce kumandan ya fita rangadi kwana uku da suka wuce, kuma babu mai sa hannu sai shi. Na yi lissafi a tsaye a wurin. Da na zo a makon farko, da na same shi a kujerarsa. Muka zauna a zangon Mango muna jira, dattawan nan biyu sun bar sana'a da masallaci, ba wanda ya yi ƙorafi. Kwana goma sha ɗaya kumandan ya yi. Da ya dawo bai ɗauki rabin sa'a ba ya saurari rantsuwa ya buga hatimi.

Na dawo Sokode a guje, aka ba motar wasiƙa takardun ta kai Bilita, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Lome. Bayan mako biyu takardun suka dawo da jan rubutu a kai: sun iso bayan an rufe da kwana huɗu. Darakta ya rubuta wasiƙar roƙo, aka amsa masa da cewa doka ɗaya ce ga kowa.

Ni na gaya wa Idirisa, bayan an tashi, a gindin mangwaron da ke bakin ofis. Na ce takardu sun makara, ban ce masa don me ba. Ya sunkuya yana kallon yatsun ƙafarsa. Bai yi kuka ba. Sannan ya ɗago ya yi mini tambayar da aka ɗauke ni aiki domin in amsa.

“Mushe, da an bar ni na zauna, da na ci?”

Amsar tana cikin aljihun teburina, da rubutun hannuna. Amma na dubi fuskarsa na ga in na ce masa e, zai ɗauki wannan baƙin ciki har kabarinsa, kuma wata rana zai tambayi wanda ya jawo. Na gaya wa kaina tausayinsa nake ji. Rabi tausayi ne, rabi kuwa kaina nake karewa.

Na ce, “Da wuya, Idirisa. 'Yan Lome sun yi mana nisa. Kai mai ƙoƙari ne a nan, amma can wani abu ne daban. Ba ka yi asarar komai ba.”

Ya ce, “To, alhamdu lillahi. Ashe gara da ban je na kunyata ku ba.”

Har godiya ya yi mini. Ya karɓi satifiket ɗinsa a ƙarshen shekara ya koma Dapango. Ni kuma bayan shekara biyu aka ɗaga ni, wasiƙar da na ji wa tsoro babu wanda ya ko ambace ta.

Fiye da shekara ashirin suka wuce. Faransawa sun tafi, ni na zama sufeto mai zagaya makarantu, aiki ya kai ni Dapango. Shugaban makarantar garin yana ba ni labari sai ya kawo kukan wani yaro da ya yi na ɗaya a satifiket shekara biyu da suka wuce, ya ce bai taɓa koyar da irinsa ba. Sau uku ya je wurin uban yana roƙo a bar yaron ya zauna jarrabawar shiga kwaleji, uban ya ƙi. Na tambayi sunan uban, ya faɗa.

Na same shi a rumfar da na san mahaifinsa, Baba Tanko ya riga ya rasu. Idirisa ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa, amma muryar tana nan. Ya taso da murna ya riƙe hannuna da hannu biyu. A bayansa wani dogon saurayi na sara ƙashi a kan kututture. Bayan gaisuwa na tambaye shi don me ya hana yaron.

Ya ce, “Mushe, ai kai ka buɗe mini ido. Mu masu ƙoƙari ne a nan, can kuwa wani abu ne daban. Ni ma na ɗaya nake yi, ka tuna? Na ce ba zan bari a ɗaga masa rai a banza ba, ya je ya faɗi ya dawo yana jin kunyar wuƙa.”

Maganata ce, kalma da kalma, bai zubar da ko ɗaya ba. Na nemi benci na zauna. A wurin, cikin ƙudaje da hayaniyar masu saye, na gaya masa komai: rajista, kwana tara, rangadin kumandan, da abin da na rubuta a kan takardarsa. Na ce masa da ya zauna da ya ci, kuma da ya fito cikin na gaba.

Ya ajiye wuƙar a hankali. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya sake gogewa, alhali babu komai a hannun. Ina jiran ya zage ni, wallahi da na karɓa. Bai tambaye ni komai game da kansa ba. Ya waiwaya ya dubi ɗansa, sannan ya rage murya.

“Mushe, shi fa? Da sauran lokaci?”

Na tambayi shekarun yaron. Wannan karon akwai takardar haihuwa ta asibiti, babu kuskure a cikinta, babu abin gyarawa. Ya wuce iyaka da shekara ɗaya. Na faɗa masa haka, don ba zan iya yi masa ƙarya ta biyu ba. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ɗauki wuƙarsa, domin wata mata na tsaye tana jiran a yanka mata nama.

Abin da wannan ya koya mini game da aikinmu ba shi da yawa, amma ya ishe ni nauyi. Kuskuren rajista kowa na iya yi, kuma ana gyara shi in mutum bai tsaya lallashin tsoronsa ba. Wanda ba ya gyaruwa shi ne amsar da na bayar a gindin mangwaro. Mutanenmu suna ɗaukar maganar malami da gaske fiye da yadda malamin ke ɗaukarta. Idan yaro ya tambaye ku ko zai iya, ku gaya masa abin da kuka auna, ko da zai yi kuka a gabanku. Ni na hana Idirisa kukan yini ɗaya, sai ya ɗauki maganata ya tafi da ita gida, ya rene ɗansa da ita.